Ganuwar Amina da Masallacin Babban Gwani: Wanne Ne na Asali?

Mai karatu, in ka taɓa hawa mota daga Samaru za ka shiga birni, ka san hanyar: Kwangila, PZ, ka haye Kubanni ka faɗa Tudun Wada, sai ga ka a Ƙofar Doka. In da baƙo a gefenka, da wuya ku wuce wurin wani bai nuna masa tudun jar ƙasar da ya rage a gefen ƙofar ba, ya ce masa, "Ka ga ganuwar da Sarauniya Amina ta gina." Baƙo ya gyaɗa kai, ya zaro waya ya ɗauki hoto. Ƙofar da ya ɗauka ɗin kuwa ta siminti ce, ginin zamaninmu. Tudun ƙasar tsoho ne, babu musu. Amma tsufansa ya kai zamanin Amina? Ita Aminar ma a wane ƙarni ta rayu?

Wataƙila ka ce wannan gardamar malaman jami'a ce, ba ta ƙara wa kowa tuwo. Da ni ma sai in yarda, ba don abin da ya faru ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023 ba. Ana cikin sallar la'asar wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufto wa masallata, mutane suka rasu, wasu suka jikkata. Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar, tambayar me ake nufi da "ginin asali" ta bar ɗakin karatu ta koma ta kuɗi da rayuka: me za a rushe, me za a bari, kuma abin da za a gina, shi ne masallacin Sarki Abdulkarim ko wani ne daban ya gaji sunansa?

Bari mu ɗan yi nisa tukuna, don akwai waɗanda suka riga mu shan wannan ciwon kai.

Gidan da aka tono da gidan da aka gina

A Amurka akwai wata ɗariƙar Kirista da aka fi sani da Mormon. A nan Najeriya ma suna da mabiya, har da babban ɗakin ibada a Aba da aka buɗe a 2005. Wanda ya kafa ta, Joseph Smith, ya ce a shekarar 1820, yana yaro, an yi masa wahayi a wani ɗan kurmi kusa da gonar mahaifinsa, wajen garin Palmyra a jihar New York. Ba aƙidarsu ce ta kawo mu ba. Abin da ya sa na ɗauko su shi ne tarihinsu bai wuce shekara 200 da ɗoriya ba, a ƙasar da ake ajiye takardar fili da rasiɗin haraji da jaridu, amma duk da haka wuraren tarihinsu ba duka ne suka zama abin da mai ziyara yake zato ba.

Ɗauki gidan gungumen itace da iyalin Smith suka zauna a ciki. Ya rushe tun a ƙarni na 19. A 1982 masu haƙar kayan tarihi daga Jami'ar Brigham Young suka tona wurin, suka gano inda tushen gidan yake da tarkacen kayan amfanin gida. A kan wannan gurbi aka gina sabon gida irin na da, aka buɗe shi a 1998. Wurin na gaskiya ne, itacen kuwa na jiya-jiya ne. Shi kurmin yana cikin gonar, amma Smith bai bar wata alama da ke nuna daidai inda ya durƙusa ba, don haka duk bishiyar da aka nuna maka zato ne kawai. Kai, hatta garin da aka kafa cocin ranar 6 ga Afrilu, 1830 akwai ja-in-ja a kansa. Cocin ya tsaya a kan Fayette, inda aka sake gina gidan Peter Whitmer a 1980, alhali wasu takardun farko-farko sun ambaci Manchester. Ɗakin ibadarsu na Nauvoo wuta ta cinye shi a 1848, guguwa ta kayar da saura a 1850, wanda ake gani yau an gama shi a 2002. Na Kirtland a jihar Ohayo shi ne yake tsaye tun 1836, kuma ka ga darajar na asali: a 2024 sai da cocin ya biya dala miliyan 192.5 kafin ya karɓe shi, haɗe da wasu gine-gine da takardu, daga hannun wani reshe da suka rabu tun da daɗewa.

Ka lura da yadda kalma ɗaya, "asali", ta tsage gida-gida. Wuri yana iya zama na gaskiya, gini ya zama sabo. Gini yana iya zama tsoho, labarin da aka rataya masa ya zama na baya-bayan nan. Kuma mai haƙa zai iya tabbatar maka cewa a nan gida ya taɓa tsayawa, amma cebur ɗinsa ba ya tono abin da wani ya ce ya gani a cikin kurmi. Riƙe wannan, mu koma gida.

Amina a takarda

Rubuce-rubuce biyu ne ginshiƙin abin da aka sani game da Amina. Na farko Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812, kafin ya zama Sarkin Musulmi. Ya ambace ta a matsayin 'yar sarkin Zazzau da ta ci ƙasashe da yaƙi, har Katsina da Kano suka riƙa kai mata haraji, ta kuma rasu a Atagara. Na biyu kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908. Shi wannan ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. Ya ce ikonta ya kai Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da bābānni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙe-yaƙe.

To, ga inda gizo ke saƙar. A labarin Zazzau, Amina 'yar Bakwa Turunku ce, kuma jerin sarakunan Zazzau ya sa Bakwa a wajen 1536. In haka ne, Amina ta ƙarni na 16 ce, shi ya sa littattafan makaranta da yawa suke ba ta shekarar 1576. Tsakanin lissafin Kano da na Zazzau akwai fiye da shekara 100. Sannan sunanta ba ya cikin jerin sarakunan kwata-kwata, abin da ya sa wasu masana suke ganin gimbiya ce mai jan rundunar yaƙi, ba wadda ta hau gadon sarauta ba. Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi fama da wannan jeri a wani nazari da ya buga a 1970, kuma har yau ba a rufe maganar ba.

Kar ka ji haka ka ce ashe tatsuniya ce. A ganina, in Sakkwato da Kano da Zazzau da zuriyar Haɓe da suka koma Abuja, wato Suleja ta yau, duk suka riƙe sunan mace ɗaya, akwai mutum a bayan sunan. Sai dai rubutu mafi tsufa da ya ambace ta ya zo ne aƙalla shekara 200 bayan mutuwarta. Kuma abin da kundin Kano ya faɗa a kanta babu maganar ganuwa a ciki. Labarin cewa duk inda ta yada zango sai ta kewaye shi da ganuwa, daga bakin mutane ya zo, shi ne ya sa garuruwa da dama a ƙasar Hausa suke kiran tsohuwar katangarsu ganuwar Amina.

Babban suna yana da maganaɗisu. Duk wani tsohon aiki da aka manta mai shi, sai ya gangara ya liƙe masa. Ko a Sabon Gari, da bai wuce zuwan jirgin ƙasa a wajen 1911 ba, tambayi ɗan acaɓa me PZ take nufi. Sunan kamfanin ciniki ne na Turawa, Paterson Zochonis, ya kama wuri ya zauna, ma'anarsa ta tafi ta bar shi. In shekara 100 ta iya yin haka, ina ga 500?

Me ƙasa ta ce?

A shekarun 1970 wani masanin haƙa da ke koyarwa a Samaru, J. E. G. Sutton, ya bi ganuwar Zariya da ta Kufena yana aunawa. Ba ganuwa ɗaya ba ce. Akwai wadda ta kewaye birnin yanzu, akwai ta wajen dutsen Kufena, akwai kuma ragowar wasu da suka ratsa gonaki. Gari ba ya yin zobe a kan zobe a rana ɗaya, sai in ya faɗaɗa, ko ya tsuke, ko ya yi ƙaura. Ɗaya daga ƙofofin birni ma sunanta Ƙofar Jatau, sunan da Sarki Isiyaku Jatau yake da shi, mahaifin Makau da masu jihadi suka kora, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce tsawon ganuwa kilomita 15 ne, a ce kowace mita ɗaya ta tsawon ta ci ƙasa mita 20 mai murabba'i uku-uku, wato kamar faɗin mita 5 da tsayin mita 4. Ka sami 300,000 ke nan. In tifa tana ɗaukar 10, ana maganar tifa 30,000, a zamanin da babu tifa sai kwando a ka. Wannan aikin gayya ne na rani bayan rani, kuma bayan kowace damina sai an koma an ɗora inda ruwa ya zaizaye. Don haka tambayar "wa ya gina?" tana iya samun amsa goma, duka gaskiya.

Za ka ce ai akwai gwajin kabon-14. Akwai. Duk abu mai rai yana ɗauke da shi, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya a cikin shekara 5,730. In aka sami gawayi ko ƙashi ko ciyawar da aka cuɗa da ƙasa, ana iya kintatar shekarunsu. Amma ganuwa tana da wayo. Ƙasar da aka ɗebo daga gwalalo tana iya zuwa da gawayin mutanen da suka zauna a wurin tun kafin a yi tunanin ganuwa, sai gwaji ya ba ka shekarun da suka wuce kima. Ciyawar gyaran da aka yi daga baya kuma ta ba ka na kusa. Ga kuma wata ƙaddara: yawan kabon-14 a iska ba daidai yake ba a kowane zamani, kuma tsakanin wajen 1480 zuwa 1630 ya yi wani hawa da sauka da ke sa sakamako ɗaya ya dace da shekaru biyu masu nisa da juna. Daidai lokacin da ake gardama a kan Amina ke nan. Akwai wata hanyar, wadda take auna yaushe rabon ƙwayar yashi da ganin hasken rana, domin yashin da aka binne yana tara wani ƙarfi a hankali daga sinadaran ƙasa, haske kuma yana goge shi. Ta fi dacewa da tudun ƙasa, in an ɗebi samfur daga can gindi inda ganuwa ta zauna a kan tsohuwar farfajiya. Ko ita ɗin, iyakarta ta ce maka ƙarni kaza. Ba ta kawo sunan sarauniya.

Abin dariya, wurin da shekarunsa suka fi tabbata a yankin nan ba shi da allo, ba mai zuwa ɗaukar hoto. A yammacin Samaru, wajen kwarin Kubanni, an tono wuraren narka tama da tarin kashin maƙera da tsingaro, gwaji ya nuna sun haura shekara 1,000. Sun girmi Amina ko da wane lissafi ka bi. Matsalarsu ɗaya, ba su da gwarzon da za a rataya musu.

Masallacin da aka sa a cikin masallaci

Shi masallacin Juma'a ba ya da matsalar Amina. An san zamaninsa: mulkin Sarkin Zazzau Abdulkarim, 1834 zuwa 1846. An san magininsa, Babban Gwani, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, wasu Malam Mika'ilu, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa a birni. Shi ma fa maganaɗisun suna bai bar shi ba. Ana danganta masa gine-gine a Kano da Bauci da Kafin Madaki, ana kuma ba da labarin cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa aiki, don kada ya yi wa wani irinsa. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da yawa, don haka a saurare shi da kunne ɗaya.

Abin da ya sa masana gini na duniya suka san masallacin nan shi ne rufinsa. Ƙasa tana jure danniya amma ba ta jure ja, in ka shimfiɗa ta a sarari sai ta karye. Azara kuwa, wadda ake tsagawa daga giginya, tana jure ja, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai guntuwa ce, ba ta haye ɗaki mai faɗi. Dabarar maginan Hausa ita ce su dasa azara a jikin ginshiƙi ta ɗan leƙo, su ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga dama da hagu, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Shi ne bakan gizo. A kan bakuna ake ɗora tulluwa. Babban Gwani ya kai wannan fasaha inda ba a saba gani ba, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai kauri. Asalin ginin ba zauren salla kaɗai ba ne, har da zaurukan shiga da wurin shari'a.

A shekarun 1970 jama'a ta yi yawa, aka yi sabon gini na kankare, aka rufe tsohon zauren salla a cikinsa, sassan waje kuma suka tafi. Niyyar mai kyau ce: a kare tsohon daga ruwa, a kuma sami wurin sahu. Amma ginin ƙasa halittar waje ne. An yi shi ne ya jiƙe ya bushe, a yi masa yaɓe, a shafe rufinsa da makuba, a gyara indararo kafin damina, magini ya hau ya ga tsaga tun tana ƙarama. Bangon ƙasa yana tsotsar danshi daga tushe ya fitar ta jikinsa. In aka kewaye shi da siminti, ko aka shafe shi da abin da ba ya numfashi, danshin yana iya maƙalewa a ciki, azara ta fara ruɓewa a inda ido ba ya kaiwa. Ban ce wannan ne ya kayar da shi a 2023 ba, wannan hukuncin injiniyoyin da suka duba ne. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli dai ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin abin ya faru, ana shirin kiran masu gyara.

Yanzu ga abin da zai ɗaure maka kai. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna masallacin ciki da waje kafin a taɓa shi. Da waɗannan zane-zane aka gina kwafinsa, girma ɗaya, da ƙasa da azara, a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wato mai son ganin siffar abin da Babban Gwani ya tsara, a tsaye a fili rana tana dukansa, Jos zai je. Mai son ya tsaya inda kakanni suka yi sahu, Zariya ce tasa. Na Jos ba a taɓa yin Juma'ar Zazzau a cikinsa ba. Na Zariya kuma tun shekarun 1970 ya daina kama da kansa daga waje.

Masu kula da kayan tarihi na duniya sun daɗe suna wannan muhawara. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta fi ba kayan gini na asali muhimmanci, abin da ya dace da masu ginin dutse. Japanawa suka ce ba su yarda a tsaya nan ba, don suna da wurin bauta a Ise da suke sake ginawa duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013. Takardar Nara ta 1994 ta faɗaɗa ma'anar, ta shigo da fasaha da amfani da al'adar wurin. Mu wannan ya fi yi mana daidai. Masallacin Jenne a Mali, ginin 1907 ne a gurbin wanda ya gabace shi, kuma duk shekara gari yake fitowa a yi masa yaɓe. Fatar da ka gani bana ba ita ce ta bara ba, amma ba wanda ya ce ba shi ba ne.

In ka bi wannan, abin da ya fi tsada a masallacin Zariya ba tubalin ba ne kaɗai, hannun da ya iya ɗaura bakan gizo ne. Ni a nan na tsaya, kuma na san akwai masu ganin akasin haka da hujja mai ƙarfi: an rasa rayuka, masallaci wurin salla ne kafin ya zama kayan tarihi, ba wanda zai so ya kai ɗansa ƙarƙashin rufin da ake shakka. Gaskiya ne. Sai dai ba dole ne a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ba. Duk wani tsohon ginin ƙasa da za a taɓa, ana iya ɗaukar siffarsa da na'urar leza ko da ɗaruruwan hotuna a haɗa a kwamfuta, aikin da ɗaliban sashen zanen gine-gine na Samaru za su iya. Ana iya sa wa kowace azara lamba a ajiye ta. Giginya ba ta da zoben shekara irin na sauran itatuwa, don haka ba a ƙirga shekarunta ta wannan hanya, amma ɗaurin da sassaƙar da ke jikinta suna nuna yadda aka yi aikin, da inda aka yi gyara daga baya. Sannan a rubuta a allo, da Hausa da ajami, wane sashe ne na zamanin Abdulkarim, wanne ne na shekarun 1970, wanne ne na yau, kamar yadda masu kula da gidan Smith ba sa ɓoye wa baƙo cewa ginin 1998 yake kallo.

Ita ganuwa ko wannan gatan ba ta samu ba. Ana ɗibar ƙasarta ana buga bulo, gidaje suna hawa kanta. Samfurin da gwajin yashi yake buƙata yana can gindinta, inda rana ba ta taɓa ba tun ranar da aka juye kwandon farko, kuma da zarar cebur ya buɗe wurin haske ya shiga, shekarun da ke cikin yashin sun goge.